Tattabara a Sabo: Tarihin Akurki da Ilimin Kwanci

Duk sanda aka zauna ba da tarihin Sabon Badun, goro da shanu ake fara kawowa, sai maganar masallaci da sarauta. A 'yan shekarun nan an ƙara da harkar canji. Ba mai tuna tattabara, alhali da wuya ka sami wanda ya tashi a unguwar nan, ya haura shekara 40, bai taɓa riƙe ɗan shila a tafin hannunsa ba. Yau akurkunan sun ragu ƙwarai. Abin da ya fi akurkin saurin ɓacewa kuwa shi ne sanin yadda ake bi da tsuntsu idan ya hau kwanci. Yaranmu na tara kuɗi su sayi tattabaru masu tsada, su yi ƙwai, ƙwan ya zama baragurbi, sai ka ji ana cewa baki ne ko hannun wani. Galibi ba baki ba ne. Wani ilimi ne iyaye suka zo da shi daga Arewa, suka gyara shi ya dace da Kurmi, mu kuma muka bar shi yana zubewa. Bari mu bi sawunsa.

Kafin ta iso ƙasar Hausa

Tattabarar gida, kowace iri ce, mai bajajjen bindi ko mai gashi a ƙafa ko tamu ta gargajiya, asalinta ɗaya ne: tattabarar da ke sheƙa a kogunan duwatsu. Wannan asali shi ya sa har gobe ba ta son reshen itace, ta fi son lungu mai duhu-duhu. Mutanen Iraƙi da Masar na dā suna kiwonta tun dubban shekaru, kuma har yanzu a ƙauyukan Masar akwai dogayen gine-ginen laka da aka jera tukwane a jikinsu don tattabaru su yi ƙwai a ciki. Malamin nan na Basra, Jahiz, wanda ya rasu wajen shekarar 869, ya yi dogon bayani a kan tattabara a cikin Kitabul Hayawan, har da yadda take zaɓen miji da yadda take renon 'ya'ya. A shekarar 567 ta Hijira, wato wajen 1172, Sarki Nuruddin Zanki ya tsara aika wasiƙu da tattabaru tsakanin garuruwan Sham, sarakunan Masar na bayansa suka ci gaba da abin.

Addini ma bai bar maganar ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, kuma Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi labarin tsuntsun. Daga nan malamai suka fitar da halaccin ajiye tsuntsu, muddin za a ba shi ci da sha. Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu a wata tafiya, uwar ta zo tana kaɗa fiffike, Manzon Allah (SAW) ya umarce su da su mayar mata da 'ya'yanta. A gefe guda akwai ruwayar da ta yi tir da mutumin da ya mai da bin tattabara aikinsa. Shi ya sa malamanmu suka raba abin biyu: kiwo halal ne, amma wasan da zai hana yaro salla, ko ya sa shi hawa katanga yana leƙa gidan maƙwabta, ko ya kai ga caca, wannan abin zargi ne.

A ƙasar Hausa akurkin tattabara na dā bai wuce abin da ke cikin gida ba. Tsohon tulu ko fasasshiyar tukunya ake kifawa a kan katanga a liƙe da laka, ko a rataye ƙwarya a ƙarƙashin rufin ɗaki. Mai hali ya gina mata ɗan ɗaki na ƙasa mai ramuka. Da rana ta fita kiwo a masussuka da bakin kasuwa, da yamma a watsa mata gero. Amfaninta a fili yake: farfesun 'yan shila na mai jego da marar lafiya da babban baƙo, kashinta kuma taki ne mai ƙarfi a lambu.

Yadda ta zama 'yar Sabo

Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, layin dogo ya kai Kano a 1911. Daga nan fataucin goro da shanu ya sake kama. Hausawan da ke zaune a warwatse cikin gidajen Yarabawa aka tattara su wuri guda a 1916, aka kafa Sabo. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan a 1962 da 1963, ya fitar da littafinsa a 1969. Ya tarar da Hausawa dubu huɗu da 'yan kai, ya kuma bayyana yadda masu gidaje ke saukar da fatake, da yadda matan aure ke sana'a daga cikin gida ta hannun yara. A irin wannan gida tattabara ta sami wurin zama. Ba ta bukatar fili kamar akuya, ba ta shiga gonar kowa ta jawo rigima da 'yan gari, kuma mace a cikin kulle ko yaro ɗan shekara 10 zai iya riƙe ta. Ga yara da yawa ita ce jarin farko: ka sayi mace da namiji, ka sayar da 'yan shila, ka sayi kaza, wata rana ka wayi gari da tunkiya.

A kwando ake zuwa da ita, a kan kaya. Amma kawo ta ba shi ne wahalar ba, zaunar da ita ne. Tattabara tana da son gida. In ka sake ta a sabon wuri, sai ta tashi neman inda ta fito, ta ɓace. Dabarar iyayenmu ita ce a ɗaure mata gashin fiffike da zare ko a rage shi, a tsare ta tare da mijinta har sai ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe. Da zarar ta yi renon farko, to, ka kwance ta, ba inda za ta. Dattawa kan yi dariya su ce ai mu ma haka aka zaunar da mu: mutum ya zo sayen goro na wata biyu, ya yi aure, aka haifa masa, ga jikokinsa nan a Sabo.

Abin da Kurmi ya canza

Ilimin da aka zo da shi na ƙasa mai rani ne. Damunar Kano wata huɗu ce, Yuni zuwa Satumba. A Badun ruwa kan fara tun Maris ko Afrilu, ya kai Oktoba, ga laima ko da ba a ruwa. Akurkin laka bai jure ba, tukunyar da aka liƙe a katanga kuma ruwa ke taruwa a cikinta. Sai aka koma katako: tsofaffin akwatunan kaya, a yi musu ƙafa, a ɗora fallen kwano a sama, a juya ƙofar ta ba iskar ruwa baya. Kwanon ma da nasa sharrin, domin da rana yakan gasa uwar har ta tashi daga kan ƙwai. Maganinsa a bar tazara tsakanin kwano da akwati, ko a shimfiɗa buhu a ƙarƙashi.

Maƙiyan ma sun canza. A Arewa shaho da muzuru ake tsoro. A nan an ƙara da gafiya da ɓerayen kwata, ga kwarkwasa da kan zo cikin dare ta cinye ɗan shila da ransa. Shi ya sa za ka ga tsohon akurki ƙafafunsa na tsaye cikin gwangwanaye da aka zuba wa baƙin mai ko kananzir. Laima kuma tana haifar da ƙuma da ƙwarƙwata a cikin sheƙa, su hana uwa sakat har ta gudu ta bar ƙwai. Toka ake barbaɗawa a ƙasan kaskon, a sa busasshen ganyen darbejiya. Da yake ƙasar Oyo ta yi suna wajen noman taba, musamman wajen Iseyin, masu kiwo sun riƙa ba tattabara busasshen karan taba ta yi sheƙa da shi, don warinsa na korar ƙwari. Abinci ma sai da aka sake lissafi: geron da aka kawo daga Arewa in ya daɗe a ɗaki mai laima yakan yi fumfuna, hatsi mai fumfuna kuwa guba ne ga tsuntsu. Aka koyi saye kaɗan-kaɗan, a shanya, a haɗa da dawa da masara da ɗan wake.

Kwana 18

Ga zuciyar ilimin, kamar yadda masu kiwo suka daɗe da sani, binciken zamani kuma ya tabbatar.

Tattabara mace ɗaya namiji ɗaya take zama. Bayan sun haɗu da kamar kwana 8 zuwa 10 sai ta yi ƙwai na farko, yawanci da la'asar. Na biyu yakan zo bayan kusan awa 44. Biyu ne ƙa'idarta. In ka ga huɗu a kasko guda, to, galibi mata biyu ka haɗa ba ka sani ba, kuma ba abin da zai fito. Ba ta zama sosai a kan na farko sai na biyu ya zo, don 'ya'yan su fito kusan tare. Kwancin kwana 17 zuwa 19 ne, yawanci 18, kuma raba shi suke yi: namiji ya karɓa da hantsi zuwa la'asar, mace ta kwana a kai har gari ya waye. Saboda haka wanda ya sayar da namijin, ko ya bari aka kama shi a tsakiyar kwanci, ya kashe ƙwan da hannunsa, don mace ita kaɗai da wuya ta kai ƙarshe.

Sheƙarta ba ta da kyan gini, 'yan tsinke ne kawai take tarawa. Aikin mai kiwo ya ba ta kasko mai ɗan zurfi don kada ƙwai ya gangara, ya ajiye mata tsinke da busasshiyar ciyawa kusa. Kowane aure a ba shi gurbi biyu, domin 'ya'ya na kai kamar mako biyu zuwa uku uwar kan sake sabon ƙwai. In gurbi ɗaya ne, manyan za su tattake shi ko su ɓata shi da kashi. Cunkoso ma ɓarna ne. Gwauron namiji a cikin akurki shi ke shiga gurbin wasu da faɗa, ƙwai ya fashe a tsakani.

Daga kwana 5 zuwa 7 ana iya sanin mai rai. Dā ana ɗaga shi a hasken rana ko fitila, yau tocilar waya ta wadatar. In ka ga jajayen jijiyoyi kamar saƙar gizo, akwai ɗa; in ya fito fes, fanko ne. Dubawa ɗaya ta isa. Maganar da ake yi cewa in ka taɓa ƙwai uwar za ta ji warin hannu ta ƙi shi, ba haka abin yake ba. Yawan buɗe akurki da ɗaga ta, da yara masu zuwa kallo safe da yamma, shi ke korar ta. Kada a wanke ƙwai, kada a girgiza shi a kunne, kada a matsar da kaskon daga inda ta san shi. A ajiye mata ruwan wanka a faranti, domin damshin da take komowa da shi a gashinta yana taimakon ƙwan. A ba ta tsakuwa ƙanana da dakakken ɓawon ƙwai da aka gasa, don ɓawon nata ya yi ƙwari. Ranar ƙyanƙyasa, daga tsagar farko zuwa fitowa yakan ɗauki yini guda ko fiye. Mai gaggawar ɓare masa yakan tsinka jijiya, jini ya zuba, ɗan ya mutu.

Abin mamakin yana bayan fitowa. Ɗan shila yana zuwa ido rufe, ba ya iya tsattsaga kamar ɗan tsako. Uwa da uba duka suna samar da wani abu mai kauri kamar kindirmo a jakar abincin da ke ƙasan wuyansu, shi suke ɗura masa a kwanakin farko kafin su fara haɗawa da tsaba. Jikinsu yana fara shirya wannan nono ne a kwanakin ƙarshe na kwanci. Wannan ya sa in za a ba wata tattabara riƙon ƙwan wata, dole kwanakinsu su zo daidai, bambancin kada ya wuce kwana ɗaya ko biyu. In ba haka ba ɗan zai fito ba nono, ko su gaji su tashi kafin ya fito. Cikin mako huɗu ɗan shila ya cika kasko, ya isa yanka ko sayarwa. Wanda za a bari don iri, sai ya kai wata 5 zuwa 7 kafin ya yi aure.

Kaza uwar riƙo

Ba tattabara kaɗai ke gidajen Sabo ba. Da damuna ƙwan zabi na sauka daga Arewa, akasari don ci, amma masu sha'awa sukan zaɓi sabo su sa wa kaza. Zabuwa ba ta da haƙurin kwanci a gida, a ɓoye take zuba ƙwanta, shi ya sa tun a Arewa kaza ce ke yi mata wahala. A nan ma lissafi ne: ƙwan kaza kwana 21, na zabo 26 zuwa 28, na talo-talo 28, na agwagwar gida kuwa 35. Tsoffin mata sun san in za a haɗa na zabo da na kaza, sai a fara sa na zabon, bayan mako guda a ƙara na kazar, su fito tare, 'yan tsakin su koya wa 'yan zabin ci. In aka sa su rana ɗaya, kaza na ganin nata sun fito za ta tashi ta bar sauran su huce. Ƙwan da ya sha girgizar mota da zafin hanya kuma ba duka ke fitowa ba, don haka a nemi wanda bai wuce mako da yi ba.

Shekarun annoba

Cutar Niyukasil, mai murɗe wa kaza wuya ta sa ta zawo, a Badun da kewayenta aka fara tabbatar da ita a Nijeriya, a ƙarshen 1952. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda ke can tun 1924, ita ke yin rigakafinta a ƙasar nan. A farkon shekarun 1980 wani nau'inta da ya fi kama tattabaru ya bazu a duniya. Sai kuma Fabrairun 2006, lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a jihar Kaduna, karo na farko a Afirka. Kaji fiye da miliyan 1 suka mutu ko aka kashe a ƙasar nan kafin abin ya lafa, a farkon 2007 kuma aka tabbatar ta kashe wata mata a Ikko. Ta sake dawowa a 2015. Tattabara ba ta kamuwa da murar kamar kaza, amma tsoro ya sa gidaje da yawa suka rabu da duk wani mai fiffike, wasu ba su sake komawa ba.

Darasin shekarun nan guda ne, kuma ya shafi kwanci kai-tsaye: cuta a kwando take shigowa. Sabon tsuntsu daga kasuwa a ware shi mako biyu zuwa uku kafin ya shiga cikin masu ƙwai. Akwai kuma ciwon da ke sa wani abu rawaya-rawaya a maƙogwaron ɗan shila; iyaye ne ke ba shi ta wajen ɗura, su kuma a ruwan sha suke ɗauka. Ƙurajen da ke fito wa 'yan shila a baki da ido da damuna, sauro ke yaɗa su. Sauya ruwa kullum, wanke kasko bayan kowane reno, da zuwa wajen likitan dabbobi kafin a fara ɗura maganin mutane, sun fi duk wani magani na bayan fage.

Aku da kanari

Akwai ɓangaren tarihin nan da ba na alfahari ba. Aku mai jan bindi ɗan kurmi ne, a kogon manyan itatuwa yake ƙwai, yana kwanci kusan kwana 30. Yawancin waɗanda aka riƙa gani a keji, daga daji aka kamo su, wasu tun suna cikin sheƙa, kuma 'yan kasuwarmu na cikin masu kai su Arewa. Da yawa a hanya suke mutuwa. Nijeriya ta yi dokar kare irin waɗannan halittu a 1985, a 2016 kuma taron yarjejeniyar CITES a Johannasbag ya hana cinikin akun daji tsakanin ƙasashe. Kanarin da muke ratayewa a ƙofar shago shi ma mafi yawa kamun tarko ne, shi ya sa ba ka ganin ya yi ƙwai a keji. Hadisin tsuntsuwar da aka ɗauke wa 'ya'ya ya ishe mu hukunci a nan.

Inda muke yau

Filin tsakar gida ya zama ɗakunan haya, bene ya maye gurbin katanga, mai gida kuma ba ya son kashi a kan kwanonsa. Duk da haka sha'awar ba ta mutu ba, kamanni ta sauya. Matasa na cinikin tattabarun waje ta Facebook da WhatsApp, kuɗin aure ɗaya ya sayi tunkiya. Wasu sun sayi injin ƙyanƙyasa. Injin yana da amfani ga ƙwan kaza da zabo, in an sami wutar da za ta riƙe zafinsa wajen digiri 37 da rabi ba yankewa, abin da kowa ya san wuyarsa a nan. Ga tattabara kuwa, ko injin ya fasa ƙwan, ba shi da nonon da zai ba ɗan. Wasu irin na waje masu gajeren baki ma ba sa iya ɗura da kyau, dole sai an nemo tattabarar gargajiya, wadda ake rainawa, ta yi musu riƙo.

To, jama'a, masu wannan sani suna nan da ransu, a bakin masallaci da cikin gidaje, maza da mata. Yaron da ke da akurki ya je ya gaishe su ya yi tambaya, ya riƙa rubuta ranar da aka yi kowane ƙwai a jikin akwatin, ko da gawayi ne. Iyaye kuma kafin a ce a fitar da tsuntsayen nan daga gida, a duba: yaron da ya iya lissafin kwana 18, yake tashi da asuba ya sauya ruwa, ya san haƙƙin abin da ya tsare a keji yana wuyansa, ya koyi abin da zai yi masa amfani a kasuwa da gidan aure. Shi ma mai kiwon ya kiyaye haƙƙin maƙwabci: ya share kashi, ya bar hawa rufin mutane, tattabarar wani in ta faɗo masa ya mayar. Allah ya jiƙan iyayen da suka kafa mana unguwar nan, ya sa albarka a abin da muke kiwo, amin.